Takardar da Aka Manna a Jikin Kwali

Uwar Famfo ba ta iya fushi a tsaye ba. Gwiwoyinta sun daina ɗaukar irin wannan nauyi tun shekara biyar da suka wuce, don haka in ranta ya ɓaci sai ta ja kujerar roba ta zauna a bayan kanta, wato teburin cinikin shagonta, ta zaro kan famfo ɗaya daga kwandon samfur, ta riƙa ɗaure shi tana kwancewa. Duk wanda ya san shagon, in ya leƙo ya ga famfo a hannunta, ya san ba ranar neman ragi ba ce. Ran Talatar da nake ba ku labari, sai da ta murɗa famfon nan har haƙoran cikinsa suka lalace.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana sayar da kayan aikin ruwa. Bututu, elbo, soket, gam, farin tef, kan shawa, tankin bayi, babu wanda ba ta san nauyinsa a hannu ba. Ba gado ta yi ba, kuma ba sha'awa ce ta kawo ta ba. Marigayi mijinta mai aikin famfo ne, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Tana da cikin 'yarta ta fari, wata rana ya dawo gida da tsakar rana, ya ajiye jakar kayan aikinsa a bayan ƙofa, ya tsuguna a bakin rariya yana wanke hannuwan da ba su taɓa komai ba tun safe. Ya daɗe yana wanke su. Sai daga baya ta ji abin da ya faru: shagon da ya sayi kaya sun aika da su gidan da yake aiki tare da rasit mai ɗauke da farashin sari, mai gidan ya karanta, ya tara mutane, ya kira shi ɓarawo. Wata bakwai babu wanda ya neme shi ko gyaran kan famfo. A cikin watannin nan ne ta kafa tebur a ƙofar gida ta jera ragowar kayansa, don dai a samu abin da za a ɗora a murhu.

Ga wanda bai san sana'ar ba, bari in faɗa masa, don na gaji da jin masu gidaje suna surutu a kan abin da ba su fahimta ba. Mai aikin famfo yana sayen kaya a farashin sari, ya rubuta wa mai gida farashin shago, wato daidai abin da mai gidan zai biya in da shi ya tako da ƙafarsa. Ɗan abin da ke tsakani nasa ne. Da shi yake biyan kuɗin mota, da shi ake biyansa sanin wane bututu ne ke tsagewa in ya sha rana, kuma da shi yake dawowa kyauta ranar da mahaɗa ta fara ɗiga a cikin bango. Kowa a sana'ar ya san haka. Mai gida ma ya sani in yana son ya sani. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne ya gan shi a rubuce.

Shi ya sa tun tana kan tebur Uwar Famfo take yanka takarda biyu. Fara, mai jerin kaya kawai babu ko lamba ɗaya ta kuɗi, ita ke bin kaya zuwa wurin aiki. Shuɗiya, mai farashi, a tafin hannun mai aikin take saka ta, ta naɗe masa yatsu a kai. Kuma ba kowa take ba farashin sari ba. In baƙo ya zo ya ce shi mai aikin famfo ne, ba ta sauraron bakinsa, hannunsa take kallo. Gam yana barin tabo a gefen farce wanda sabulu ba ya fitarwa. Da takarda biyun nan da kallon hannu ta tashi daga tebur ta koma rumfa, daga rumfa ta koma shago mai ƙofa biyu da sito a baya, ta aurar da 'ya'ya huɗu.

Shagon intanet kuwa aikin surukinta ne, mijin babbar 'yarta. Injiniya kowa ke ce masa, ko da yake ba a taɓa ganinsa riƙe da sifana ba. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi ba da haushi ke nan. In ya zo sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, kuma ta yaya za ka daka wa mutum tsawa yana durƙushe? Shi ya ga yadda take ɗingishi ya ce a buɗe mata shago a waya, mutane su zaɓi kaya su biya, mota ta kai musu. Ya ɗauki hoton kowane soket, ya yi sati uku yana shigar da su. Ranar da zai gama, wata Asabar ce, shago cike, mutum uku na mata magana lokaci ɗaya, ya leƙo daga bayan kwamfutarsa.

"Mama, saura wajen biya. Masu sari, su biya nan take kamar kowa kaya su fita, ko odarsu ta tsaya sai kin duba?"

"Wanne ya fi sauƙi?"

"Na farkon."

"To yi shi mana."

Haka ta ce. Ba ta manta ba, kuma ba ta taɓa musantawa ba. Amsar da ta ba shi ba ta kai tsawon lokacin da ake ɗauka a auna bututu ɗaya ba.

Wata huɗu abu yana tafiya lafiya. Oda ta shigo, injin da ke sito ya tofo takarda, mata biyun da ke ɗaure kaya su manna ta a jikin kwali, direba ya ɗauka. Uwar Famfo ba ta shiga sito saboda matakala uku da ke tsakani, don haka ba ta taɓa ganin takardar nan da idonta ba. Kuma masu saye ta waya galibi masu gida ne da ke neman kan shawa ɗaya ko tiyo. Masu aikin famfo dai suka ci gaba da zuwa da ƙafarsu, don rabin abin da ke kawo su hira ce.

A cikinsu babu wanda ya kai Sifana daɗewa. Shekara ashirin da bakwai yana sayen kaya a hannunta. An sa masa sunan ne don ko wajen ɗaurin aure ya je za ka ga kan sifana na leƙe daga aljihunsa na baya. Shi ya kama mata rumfar farko, shi ya haɗa ruwan gidanta bai karɓi komai ba bayan rasuwar mijinta. Yanzu gemu ya yi fari, gwiwa ta fara yi masa irin nata, sai ga shi ya samu aikin da bai taɓa samun irinsa ba: bene hawa uku a can bayan gari, bayi tara, kicin uku. Ya zo ya faɗa mata yana dariya kamar yaro, ya ce in ya gama wannan zai rufa ɗakin da ya fara ginawa tun bara. Da ta ga yana hawa mota biyu ya zo ya koma saboda kwali ɗaya, ita da bakinta ta ce masa:

"Haba Sifana, kai ba ka gajiya? Ka sa 'yarka ta danna maka a waya, a kawo maka har wurin aikin. Me aka yi abin don shi?"

"Uwar ɗakina, ni waɗannan abubuwan tsoro suke ba ni."

"Tsoron me? Shagona ne dai. Ni ce a ciki."

Ran Talatar nan direba ya dawo daga kai kaya, maimakon ya wuce sito sai ya tsaya a gaban kanta yana sosa ƙeya. Ta ce masa ya yi magana ko ya ba ta wuri. Ya ce ya sauke kwalaye shida a ginin da Sifana ke aiki, ashe mai ginin yana nan ya zo duba aiki. Mai ginin ya ga takarda a jikin kwali ya ɓalle ta. Ya ciro lissafin da Sifana ya rubuta masa daga mota, ya haɗa su gefe da gefe. Sannan ya kira magina da masu fenti da masu wayar wuta, har da mai gadi, ya karanta musu layi bayan layi.

"Me ya ce masa?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Mama, ba zan iya maimaitawa ba."

"Za ka iya."

"Ya ce ɓarawo da furfura. Ya ce ya kwashe tarkacensa ya fita kafin ya kira masa hukuma."

"Shi kuma fa?"

"Ya dai tattara kayan aikinsa. Na ce ya zo in rage masa hanya, ya ɗaga mini hannu kawai."

Ta kira wayar Sifana sau biyar, tana shiga ba a ɗauka. Ta sa aka kamo hannunta ta hau matakalar nan uku da ta yi wata da watanni ba ta taka ba, ta ɓalle takarda daga jikin wani kwali ta kai kusa da ido. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, kowane kaya da kuɗinsa a gefe, har da wani layi a ƙasa da ke sanar da duniya nawa aka rage wa mai saye. A saman takardar kuma sunan shagonta ne da manyan baƙaƙe. Ta dawo ta zauna, ta zaro famfo daga kwando, ta ce a kira mata Injiniya.

Ya zo da kwamfutarsa a hammata, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta tura masa takardar. Ya karanta, ya ji labarin, ya ce innalillahi, kuma har ga Allah abin ya taɓa shi. Ya buɗe kwamfuta don ya nuna mata inda za a gyara, sai ta ga fuskarsa ta canza, irin canjin mutumin da ya tsinci abu yana kunyar a ga yana murna.

"Mama, wata oda ta shigo minti arba'in da suka wuce. Tunda muka buɗe ba a taɓa yin mai girmanta ba. Tankin bayi tara, kan shawa tara, abin wanke hannu goma sha biyu. An ma riga an biya."

"Wane adireshi?"

Ya karanta. Ta dubi direba, direba ya sunkuyar da kai. Ginin nan ne.

"A wane farashi ya saya?"

"Na sari."

"Wa ya ba shi?"

"Akwai wani ɗan akwati a wajen biya, an rubuta 'ni mai sana'a ne'. In mutum ya danna, shi ke nan."

Tunda ya auri 'yarta shekara tara, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ko yanzu ma sai ta juya ta fuskanci kwamfutar, kamar da ita take faɗa.

"Ɗan akwati! Shekara talatin ina duba hannun mutane, ashe ɗan akwati ya isa. Wato ya kori dattijo, ya ci masa mutunci a gaban yaran da dattijon ya haifi irinsu, ya ɗauki sunan shagona daga takardar da na aika masa, ya zo ya zauna a kujerar dattijon ya ci rabonsa. Kuma wannan abar ta ce masa sannu da zuwa, ta gode masa!"

"Mama, ki yi haƙuri, amma in kin ba ni dama in ce wani abu."

"Ce."

"Takardar za mu gyara yanzu, minti biyu ne. Amma tsayar da oda, ina jin tsoro. Mutumin da ke saye a waya ba ya jira. In ya danna ya ga an ce sai an kira shi, zai tafi wani shagon, kuma suna da yawa. Ina ganin cikin uku za mu rasa ɗaya. Sannan kuma, Mama, zamani ya canza. Mutane suna son su san ainihin kuɗin abu. Wani zai ce mai ginin yana da hakkin ya sani."

Nan ne kunyar surukuta ta ƙare. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ya san me? Kuɗin da Sifana ya rubuta masa, ba shi ne a manne a jikin kowane kaya a shagon nan ba? Ba shi ne a wayarka ba, wanda kowa ke gani? Ko sisi ya ɗora a kai? Ragin da na yi, Sifana na yi wa, don shekara ashirin da bakwai yana kawo mini ciniki, don in kaya ya yi ɗiga shi ke shan zagi ba ni ba. Kyautata ce, na ba wanda na ga dama. Kai da kake aiki a ofis, in an ba ka alawus, kana manna shi a goshi ka fita titi?"

Matan sito sun leƙo ta ƙofa, suka koma da sauri.

"Kuma ba kai na fi jin haushi ba," ta ce. "Ka tambaye ni. Na ce wanne ya fi sauƙi. Ni da na ga uban matarka yana wanke hannu a bakin rariya, ni ce na ce wanne ya fi sauƙi."

Bai san labarin rariya ba, bai kuma tambaya ba. Ya jawo kwamfutar gabansa ya ce ta faɗi yadda take so. Ta faɗa, tana buga famfon a kan teburin ciniki da kowace magana. A cire akwatin nan. Duk wanda ke son farashin sari, odarsa ta tsaya cak har sai ta ji muryarsa, in ta yarda da shi sau ɗaya a sa masa alama. Takardar jikin kwali, jerin kaya kawai. Mai farashi ta tafi wayar mai aikin, shi kaɗai. Injiniya ya ce ta san hakan na nufin za ta wuni tana kiran mutane. Ta ce bakinta ba gwiwa ba ne, lafiyarsa lau.

"Wannan babbar odar fa, Mama?"

"Mayar masa da kuɗinsa. Ba ni lambarsa."

Ta kira mai ginin da kanta. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ce ta ga ya rubuta shi mai sana'a ne, to tana da 'yar tambaya: in an shafa gam an haɗa bututu, minti nawa ake jira kafin a saki ruwa? Ya ce shi bai kira don a yi masa jarrabawa ba, ya biya kuɗi a kawo masa kaya. Ta ce ba shi ya kira ba, ita ta kira. Ta yi masa bayani dalla-dalla cewa abin da dattijon nan ya rubuta masa shi ne farashin shago, ya duba wayarsa ya gani, bai cuce shi da ko ƙwandala ba. Ta ma sauke murya ta roƙe shi, ita da ba ta roƙo, ya mayar da mutumin bakin aikinsa.

"Ku dai duk bakinku ɗaya," in ji shi, ya kashe waya.

Abin da Injiniya ya hango bai yi ƙarya ba. Oda ta ragu. Wasu da ta kira sun ce sun riga sun saya a wani wuri, wasu da ta yi musu tambayar gam sai su kashe waya. Labarin ginin ya zaga cikin masu aikin famfo kafin sati ya zagayo, biyu daga cikinsu suka ɗauke ƙafa, sauran kuma in sun zo sai su ɗaga kowane kwali su duba gindinsa kafin a loda. Wannan duban ya fi raguwar cinikin ci mata rai, amma ta haƙura, don ta san ta saya da kuɗinta. Kullum da safe ta sa tabarau, ta buɗe jerin odar da ke jiran amincewarta, ta bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa kafin ta fara kira. Ta aika direba gidan Sifana sau biyu, aka ce ya fita.

Sai bayan sati uku ya zo, da hantsi, shago babu kowa. Ya rame. Ya tsaya a gaban kanta inda masu sayen ɗai-ɗai ke tsayawa, bai zagayo bencin gefe da ya saba zama ba. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta hana.

"Sifana, laifina ne. Ni na ce ka danna. Na gyara abin, wallahi na gyara, yanzu ko takarda ɗaya ba ta fita sai..."

"Na ji labari, uwar ɗakina. Allah ya saka da alheri. Yara masu tasowa za su ji daɗinsa."

"Zauna mana."

"Sauri nake. Farin tef ɗaya za ki ba ni, famfon gidana ke ɗiga."

Ta miƙo masa tef. Ya zaro kuɗi ya ajiye a kan teburin ciniki, ta duba ta ga farashin shago ne cif. Ta ware rarar ta tura masa, ya turo mata ita da yatsa ɗaya.

"Wannan na masu aiki ne," ya ce. "Ni tun ranar ba wanda ya kira ni."

Hannunta ya tafi da kansa kan shuɗiyar takarda, ta rubuta, ta miƙa don ta naɗe masa yatsu a kai kamar kullum. Bai buɗe tafin ba. Ta dubi hannun, ta ga tabon gam na gefen farcensa ya fara fita. Ya yi mata sallama ya juya, ta bi bayansa da kallo har ya fita ƙofa, aljihunsa na baya a lafe, babu komai a ciki.